Bakuna nawa zan zana kafin maganar ɗan katun ta hau daidai?

"Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa gajerun katun na barkwanci da Hausa a wayata da manhajar FlipaClip, ina ɗorawa a TikTok da YouTube. Matsalata ita ce bakin mutanen da nake zanawa. Da farko baki biyu nake yi, buɗaɗɗe da rufaffe, sai masu kallo suka ce maganar ba ta hau ba. Na sauko da wani jadawali daga intanet mai bakuna 10, na riƙa bin kalmomin harafi bayan harafi, amma abin sai ya ƙara lalacewa, bakin karkarwa kawai yake yi. Don Allah bakuna nawa ya kamata in zana, kuma yaya ake daidaita su da murya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: yawan siffofin bakin da za ka tanada, da kuma lokacin da kowace siffa za ta fito. Kai ka ɗauka matsalar tana ga yawan, ni kuwa ina ganin tana ga lokacin. Baki 5 ko 6 sun ishe ka, muddin ka san inda za ka ajiye kowanne. Akwai kuma abu na uku da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi cutar da aikinka: jadawalin da ka sauko da shi ba don Hausa aka yi shi ba.

Asalin jadawalin

Galibin irin wannan jadawali mai bakuna 10 da ke yawo a intanet ya samo asali ne daga zanen Preston Blair, wani mai zanen katun ɗan Amurka da ya yi aiki da Disney da MGM, wanda ya wallafa darussansa tun a shekarun 1940. An yi shi ne don katun na silima, inda ake haska hotuna 24 a daƙiƙa guda, ga ma'aikata da yawa, ga kuɗi, ga lokaci. Da katun ya koma talabijin a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Hanna-Barbera ya ga ba zai iya wannan ɗawainiya duk mako ba, sai ya riƙa tsayar da jiki da kai cak, ana sauya baki kaɗai, aka kuma rage siffofin zuwa 6. Masu katun na Japan sun ma fi haka tsimi. Yawancinsu baki 3 suke yi, rufaffe, rabin buɗewa, da buɗaɗɗe, kuma sau da yawa sai an gama zane ake ɗora murya. Duk da haka duniya na kallonsu ba ta ƙorafi.

Da manhajar Flash ta yaɗu daga ƙarshen shekarun 1990, samari masu zane a ɗakunansu suka gaji tsarin talabijin ɗin nan, suna ɗora ayyukansu a shafuka irin su Newgrounds. Flash ta zama Adobe Animate a 2016, kayan aiki sun koma cikin waya, amma dabarar ba ta canja ba. Kai ma magajinsu ne, mutum ɗaya da ke yin aikin mutum goma. Saboda haka tsarin masu tsimi ya fi dacewa da kai.

Dalilin karkarwar

Ɗauki madubi ka faɗi "sannu da zuwa" yadda kake faɗa wa baƙo. Haruffa 11 ne a rubuce, amma haɓarka sau nawa ta sauka? Leɓɓanka sau nawa suka canja siffa? Za ka ga bai wuce motsi huɗu ko biyar ba. Yawancin aikin magana a cikin baki ake yinsa, harshe da ganda da maƙogwaro, inda ido ba ya kaiwa. Sautukan d, ɗ, t, n, s, z, ts, r, k, ƙ, g duk kunne yana bambanta su, amma daga waje kusan siffa ɗaya gare su, kuma siffar ma ta wasalin da ke biye da su ce. Faɗi "sa" sannan ka faɗi "su". Tun kafin s ta fita, leɓɓanka sun riga sun shirya wa wasalin.

Mai magana yakan furta gaɓoɓi 4 zuwa 6 a daƙiƙa, wato sautuka 10 ko fiye. Idan aikinka yana kan firem 12 a daƙiƙa, wato hotuna 12 ke wucewa a kowace daƙiƙa, ka kuma ba kowane harafi bakinsa, to kusan kowane firem sabon zane ne da bai yi kama da na bayansa ba. Ido ba ya iya karanta zanen da ya tsaya firem ɗaya tak, walƙiya kawai yake gani. Karkarwar da kake gani ke nan.

Ka bar bin haruffa, ka koma bin gaɓa. A nan Hausa ta yi mana gata, domin gaɓarta iri uku ce kacal: baƙi da gajeren wasali kamar "ta", baƙi da dogon wasali kamar "taa", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "tak". Ta farko marar nauyi ce, biyun ƙarshe masu nauyi, abin da marubuta waƙa suke auna kari da shi. Kowace gaɓa buɗewar haɓa ɗaya ce. Marar nauyi ka wuce ta da sauri, wani lokaci ma ka haɗiye ta cikin maƙwabciyarta. Mai nauyi ka ba ta firem 2 ko 3. "Dafa" ta tukunya da "dafa" ta kafaɗa rubutunsu ɗaya, amma a ta biyun baki yana daɗewa a buɗe. Wanda ya bi rubutu zai zana su iri ɗaya, wanda ya bi kunne zai bambanta su.

Inda jadawalin Turawa yake ɓatar da Bahaushe

Babban tarkon shi ne bakin F. A jadawalin za ka ga haƙoran sama sun danne leɓen ƙasa, domin haka Bature yake furta f da v. Mu ba haka muke yi ba. Bakano idan ya ce "fara" ko "tafiya", leɓɓansa biyu ne suke matsowa kusa iska ta bi tsakaninsu, wani ma yakan haɗe su har sautin ya yi kama da p. Mutanen Sakkwato da na ƙasar Nijar da dama "hwara" da "tahiya" za su ce. Ko ɗaya cikinsu ba ya cije leɓe. Idan ka sa wa dattijon ƙauye wannan baki na Turanci duk sanda ya furta f, mai kallo ba zai iya gaya maka abin da ya ɓaci ba, amma zai ji a jikinsa cewa fuskar nan ba Hausa take yi ba. Ni nakan cire wannan baki gaba ɗaya daga kayan magana, in ajiye shi don lokacin da mutum ya ciji leɓe saboda takaici. A madadinsa nakan sa bakin da ya kusa rufewa, ko zunɓurarren baki idan muryar ta Basakkwace ce.

Haka bakin da harshe yake leƙowa tsakanin haƙora, wanda wasu jadawalai suke sa wa "th". Ba mu da wannan sauti, sai fa idan ɗan katun ɗinka yana karatun Larabci da tajwidi.

Sai kuma abin da muke da shi wanda jadawalin bai tanada ba. Na farko kw, gw da ƙw. A "kwana", "gwamna", "ƙwai", leɓɓa suna zunɓurewa tun farkon kalmar sannan su buɗe, don haka bakin w za ka fara da shi, ba na k ba. Na biyu baƙi mai ruɓi: "babba", "amma", "tabbas", "gamma". A nan rufewar leɓɓa tana daɗewa, kuma wannan daɗewar ita ce kalmar. Ka riƙe ta. Na uku shi ne wanda ya fi kuɓuce wa mutane, wato n da take rikiɗa ta zama m idan b, ɓ, m ko f ta biyo ta. Muna rubuta "ɗan birni" da "gidan Malam", amma abin da baki yake faɗa "ɗam birni" ne da "gidam Malam". Leɓɓa sun rufe tun a kan n ɗin. Wanda ya bi rubutu zai makara da rufewa a duk irin wannan wuri, kuma wuraren suna da yawa ƙwarai a zancenmu.

Bakunan da nake tanada

Idan zan fara sabon mutum, nakan zana rufaffen baki mai ɗan matsi na b, ɓ da m. Sai mai ƙaramar buɗewa da haƙora kusan a haɗe, wanda yake ɗaukar i da yawancin baƙaƙen cikin baki, shi ne jakin aikin. Sai mai matsakaiciyar buɗewa na e da gajeriyar a, sai wangamemme na doguwar a da ihu. Sai kewayayye na o, sai zunɓurarre na u da w. Shida ke nan. Nakan ƙara na bakwai, bakin hutu, wanda yake a rufe amma a sake, don lokacin da mutum ya yi shiru. Kada ka haɗa shi da bakin m. Idan iri ɗaya ne, mai kallo ba zai ga lokacin da "Malam" ta fara ba.

Cikin waɗannan duka, rufewa ce ba a yafewa. Ido yana iya haƙuri da o a wurin u, amma idan kunne ya ji b baki kuwa yana buɗe, nan take asiri yake tonuwa. Akwai wani gwaji sananne da Harry McGurk da John MacDonald suka wallafa a Ingila a 1976. Sun ɗora sautin "ba" a kan hoton mai faɗin "ga", sai mafi yawan masu kallo suka ce "da" suka ji. Ido yana gyara wa kunne abin da ya ji. Ma'anar wannan a wurinka ita ce bakin da bai rufe ba yana iya sa barkwancinka ya ƙi fita sosai, ko da muryar tana da kyau.

Mu gwada da jumla ɗaya

A ce yaro yana rantsuwa: "Wallahi Malam ban ga kuɗin ba." Gaɓoɓi 10 ne. Idan ta ɗauki daƙiƙa 2, a kan firem 12 a daƙiƙa kana da firem 24. Kafin ka zana komai, saurari muryar a hankali kana jan ta gaba da baya, ka nemi wuraren rufewa. Uku ne: farkon "Malam", mahaɗar "Malam ban" inda m da b suka zama rufewa ɗaya doguwa, da kuma "kuɗin ba" da ake furtawa "kuɗim ba". Ka dasa rufaffen baki a waɗannan wurare, kowanne aƙalla firem 2 idan akwai fili. Idan babu fili, ka sato firem daga sautin da ya gabata, kada ka sato daga wasalin da ke biye. Daga nan ka nemi zunɓurawa, biyu ce, "wa" ta farko da "ku". Sai ka nemi gaɓar da yaron ya fi dannawa, mai yiwuwa "laa" ta wallahi, ka ba ta wangamemmen baki, ita kaɗai. Sauran gurabe ka cike su da ƙaramar buɗewa da matsakaiciya.

Ka lura, wangamemmen baki sau ɗaya ya fito a duk jumlar. Masu koyo suna son sa, suna sa shi a kan kowace a, kuma Hausa cike take da a. Sakamakon shi ne mutum yana gaisuwa amma kamar yana faɗa.

Wata ƙa'ida da take taimako: baki yana buɗewa da sauri, ya rufe a hankali. Daga b zuwa doguwar a ka yi tsalle kai tsaye ba tare da zanen tsakiya ba, wato zanen da ake sakawa tsakanin siffofi biyu. A dawowa ne za ka bi ta matsakaicin baki. Kuma a ƙarshen jumla kada ka datse bakin da zarar murya ta tsaya. Bar shi a ɗan buɗe na firem 2 ko 3, sannan ya koma hutu.

Baki ya riga murya

Ko ka taɓa hango mata suna daka daga nesa? Sai ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji dukan. Sauti yana tafiyar mita 340 ne kacal a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa, don haka tun muna yara idonmu ya saba ganin motsi kafin jin ƙara. Ƙari a kan haka, baki yana ɗaukar siffa kafin sauti ya fita. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna wannan don gidajen talabijin: mai kallo yakan fara lura idan murya ta riga hoto da kimanin kashi 45 cikin 1000 na daƙiƙa, amma idan muryar ce ta makara sai ta kai kimanin kashi 125 kafin ya lura. A firem 12, kowane firem kashi 83 ne. Ka ga ke nan idan bakinka ya makara da firem ɗaya an kama ka, idan kuwa ya riga da firem ɗaya ba wanda zai gani, sai ma ya fi daɗin kallo. Bayan ka gama jera bakuna, ka jinkirta muryar da firem 1. A firem 24 kana iya gwada 2.

Kafin ka zargi zanenka kuma, ka binciki kayan aikin. Idan kana sauraro da abin kunne na Bluetooth, yana jinkirta sauti, sau da yawa fiye da firem guda, sai ka daidaita aikin da ƙarya. Yi amfani da mai waya. Idan saɓanin iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, matsar da murya zai gyara shi. Idan kuwa farkon ya hau amma yana ƙara zamewa yayin da ake tafiya, to yawan firem ne ya saɓa tsakanin inda ka yi zane da inda ka haɗa bidiyon, ko ka canja shi bayan ka fara aiki. Masu amfani da Adobe Animate su tabbata sun sa sautin a kan Stream, domin Event ba ya ɗaure murya da firem. Muryar kuma ka ɗauke ta tun kafin zane, ka gyara ta, ka yanke ta, ka ajiye ta a tsarin fayil ɗin sauti na WAV idan da hali, sannan kada ka sake taɓa tsawonta.

Siffar bakin kanta

Haƙoran sama a jikin ƙoƙon kai suke, ba sa motsi. Muƙamuƙin ƙasa ne yake sauka. Idan ka jera bakunanka ɗaya kan ɗaya, leɓen sama ya kamata ya zauna kusan wuri guda a ƙarƙashin hanci, buɗewar ta tafi ƙasa. Idan kowane baki yana da nasa mazaunin, zai riƙa yawo a fuska. Ka kuma yanke shawara tun farko: haɓa za ta motsa ko ba za ta motsa ba? Idan ba za ta motsa ba, ka bar fili tsakanin hanci da haɓa da zai ɗauki wangamemmen baki. Idan za ta motsa, aikin ya ninka, amma fuskar tana samun rai. Matsakaiciyar hanya ita ce kai iri biyu, na yau da kullum da mai saukakkiyar haɓa don manyan buɗewa.

Masu kallonka a waya suke. Haƙora ɗaya-ɗaya, dasashi, layukan leɓe, duk ƙazanta za su zama a ƙaramin allo. Farin zirin haƙora ɗaya, duhun cikin baki, da ɗan jan harshe sun isa. Idan haƙora sun bayyana a baki ɗaya sun ɓace a na kusa da shi, za su riƙa ƙyaftawa, don haka ka sa su a yawanci ko ka bar su sai wurin dariya.

Mutanenmu baƙaƙe ne, kuma baƙin layi a kan fata mai duhu yakan nutse. Maganin shi ne ka ɗan haskaka launin fatar, ko ka ba leɓen ƙasa launi da ya ɗan fi na fuska haske kaɗan. Amma ina roƙonka ka guji zana katon da'irar ja ko ruwan hoda kewaye da baki. Wannan siffa ce da tsofaffin katun na Amurka suka yi amfani da ita wajen wulaƙanta baƙar fata, kuma har yau tana yawo cikin hotunan da yara suke kwaikwaya ba tare da sun san tarihinta ba. Kalli bakin mutanen gidanku ka zana abin da ka gani.

Mai gashin baki da gemu sauƙi ne a gare ka, domin gemun yana sauka yana hawa, gashin bakin yana ɓoye leɓen sama. Basarake mai amawali ko mace mai niƙabi kuwa babu bakin da za a gani, sai ka motsa ƙyallen kaɗan a kan gaɓoɓi masu nauyi, ka bar ido da gira su yi sauran.

Abin da ya fi daidaiton sauti

Ga inda nake so ka fi kashe lokacinka. Mun taso muna kallon finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, baki yana wani abu murya tana wani, amma muna bin labarin, domin fuska da jiki suna faɗin abin da muryar take faɗa. Bakin da ya hau kan kowane sauti amma fuskar tana sandare bai kai bakin da ya ɗan kuskure amma mutumin yana raye ba.

Bakin Bahaushe yana magana ko da bai furta kalma ba. Akwai taɓe baki, akwai murguɗa baki, akwai turo baki na yaron da aka hana abu, akwai yatsina, akwai riƙe baki na mamaki, akwai tsaki. Babu ɗayansu a jadawalin da ka sauko da shi, kuma a barkwanci su ne suke kawo dariya. Tsaki kaɗai ya cancanci zane uku nasa: leɓɓa su tattaru, su ja gefe guda, su sake. Uwar gida da ta saurari ƙaryar mijinta ta taɓe baki ta ce "uhm" ta gama wasan, ba ta buƙatar jumla.

Saboda haka bayan bakuna 6 na farko, maimakon ka ƙara na bakwai da na takwas na sauti, ka sake zana shidan nan cikin yanayi biyu, kusurwoyi sama don fara'a, kusurwoyi ƙasa don fushi ko kuka. Karin sautin Hausa, hawa da saukarsa, ba ya bayyana a leɓe, amma yana bayyana a kai da gira. A kan "haba!" ko "kai!" ka ɗaga kan mutumin firem 2 ko 3 kafin kalmar ta fita.

Batun manhajoji masu yi da kansu

Idan ka samu kwamfuta, akwai masu rage wahala. Adobe Animate tana da tsarin da yake jera bakuna 12 da kansa, amma na kuɗi ne. Papagayo kyauta ce, sai dai tana dogara da rubutun kalmomi da ƙamus na furuci, ga shi jadawalin Preston Blair take bi. Rhubarb Lip Sync ita ma kyauta ce, kuma ta fi dacewa da mu, domin an gina ta a kan bakuna 6 irin na talabijin, tana da zaɓin sauraron sauti zalla don harsunan da ba Turanci ba, kuma kana iya kashe ƙarin bakin f ɗin. Duk wadda ka yi amfani da ita, ka ɗauki abin da ta fitar a matsayin daftari. Sukan cika canje-canje, sukan kuma tsallake rufewa, don haka sai ka bi da hannu ka goge rabi ka gyara b da m.

Duk bayanin nan a kan zanen shafi ne, wato shimfiɗaɗɗen zane irin na takarda, da magana ta yau da kullum. Waƙa tana da nata hukunci, domin ana jan wasali, kuma mai kallo yana zuba wa baki ido, don haka tana son zanen tsakiya da yawa. Katun mai siffar jiki da ake yi da manhajar Blender shi ma bakinsa narkewa yake daga siffa zuwa siffa, ba musanyawa ake yi ba. A FlipaClip kuwa, ka ware wa baki leyarsa, wato shimfiɗar zanensa, daban da ta kai, ka zana bakunanka a gefe ka riƙa kwafowa. Ɗauki tsohon bidiyonka guda, jumla ɗaya kacal, ka sake ta da wannan tsari, sannan ka kashe sautin ka nuna wa wani a gida. Idan ya iya nuna maka inda mutumin ya ce "Malam", ka wuce jumla ta gaba.